Me za mu kira peer review da Hausa?

Mai Laburare: Salamu alaikum malamai. Jibi zan nuna wa 'yan aji huɗu yadda ake neman maƙala a shafukan intanet na AJOL (rumbun mujallun ilimi na Afirka) da Google Scholar don rubuta kundin digiri, kuma da Hausa aka ce in yi. Peer review ce ta tsaya mini a wuya. So nake su gane cewa kafin mujallar ilimi ta buga maƙala, edita kan aika wa masana biyu ko uku na fannin, sau da yawa an cire sunan marubucin, su ce a buga, a gyara, ko a mayar masa da abinsa.

Bazazzagi: Tantancewar masana.

Baba Malam: Bitar tsara. Haka na daɗe ina koyarwa.

Malama: Allah gafarta Malam, tsara ai shekaru ne. Farfesa mai furfura yakan duba maƙalar ɗan digiri na biyu, ina tsarar take?

Baba Malam: Tsara a ilimi, 'yata. Ita kuwa tantancewa 'yan siyasa sun lalata ta. Da ka faɗe ta sai yaro ya hango ɗan takara riƙe da takardun makaranta.

Bakatsine: Ni tun daga mujalla ma ban yarda ba. Larabci ce, maƙala ma haka. Ina Hausar?

Bazazzagi: To daina cewa littafi da alƙalami mu gani.

Malama: Algaita da Harsunan Nijeriya a Jami'ar Bayero sun daɗe suna buga maƙalu da Hausa, mujalla kowa ke ce musu. Abin haushin, wasu sai sun ce jonal suke jin sun yi karatu, wai mujalla ta labarin 'yan fim ce.

Bakatsine: Laifinsu ne? Wajen ƙarin girma a jami'a mujallar da ke cikin Scopus, wato kundin jerin mujallun ilimi na duniya, ake fara dubawa.

Mai Laburare: Don Allah jama'a, jibi ne fa. Akwai mujallun da ke karɓar kuɗi su buga komai cikin mako guda ba wanda ya duba, su nake so yaran su iya bambancewa. Zan ce mujallar da masana ke tantancewa.

Baba Malam: Wannan ai jimla ce, ba kalma ba. Ka yi da ita jibin. A ajina dai bitar tsara ce.