Shawarwari kan rubuta gwagwarmayar 'yan Adibasi

A hirarmu da wasu marubuta kan ƙabilun Adibasi, wato 'yan asalin ƙasa na Indiya, shawarar da ta fi shiga raina ita ce: kada ka rubuta kukan mutanen da ba ka zauna kan tabarmarsu ba. An ba da misali da Mahasweta Devi, wadda ta yi ta shiga ƙauyukansu, ta rubuta labarin Birsa Munda, matashin da ya yi wa Turawa tawaye saboda filayen kakanninsa, ya rasu a kurkukun Ranchi a 1900.

Wata ta ce a bar waƙoƙinsu da sunayen itatuwansu yadda bakinsu ke furtawa. Wani dattijo kuma ya ja kunnenmu: a shirya wa fushin hukuma, domin gwamnatin jihar Jharkhand ta taɓa haramta littafin Hansda Sowvendra Shekhar, ɗan ƙabilar Santal ta Adibasi, a 2017.