Wa ya taɓa rubuta tsarin rayuwarsa, rayuwar ta ƙi bi?

Ɗan Gwale: Assalamu alaikum jama'a. Jiya ina kwashe tarkace na ci karo da littafin rubutuna na 2018. A shafin ƙarshe na jera: gama digiri 2021, bautar ƙasa 2022, aure 2024, har watan bikin na sa. Sai ga korona, ga yajin aikin malaman jami'o'i daga Maris zuwa Disambar 2020, ga wani kuma daga Fabrairu zuwa Oktobar 2022. Wata takwas ɗin ƙarshen nan a kan katifa na cinye su, kullum ina jiran a ce an janye. Abokina kuwa ya tafi kasuwar waya ta Farm Centre ya koyi gyara. Yau a shagonsa nake, shi ke sallamata da yamma. Na daina sa wa komai shekara. Akwai wanda irin haka ta same shi?

Uwar Biyu: Wa alaikumus salam ɗana. Ni kuɗin Makka nake tarawa ta adashe. A 2019 kujera wajen miliyan ɗaya da rabi take, saura kaɗan na cike. 2020 Saudiyya ta rufe wa baƙi ƙofa, 2021 ma haka. A 2024 kujerar ta haura miliyan shida, ina binta tana gudu. Duk shekarun nan ko zanen sallah ba na ɗinkawa, mahaifiyata kuma tana ta lalube da yanar ido ina cewa bari dai na dawo. Wata asuba na ji kunyar kaina. Na ɗebi kuɗin aka yi mata aiki, ragowar na sayi injin markaɗe. Ranar da aka cire mata bandeji ta kalle ni ta ce, "Ashe kin yi furfura." Niyya tana nan, in an kira ni zan amsa.

Ɗan Gwale: Allah Ya kai ki Mama, Ya ƙara wa Hajiya lafiya.

Ɗan Maraɗi: Mu 'yan bakin iyaka mun sha wannan karatu sau biyu. An rufe a Agustan 2019 sai Disambar 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023. Na farkon ya tarar da ni na ci bashi na cika sito da wake, da lissafin shekara biyar in sayi mota tawa. Ƙwari suka riga ni. Yanzu abin da zan iya kaɗarwa cikin sati biyu nake saye. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

Baban Gona: Ku yi haƙuri, ni fa ban yarda da ku duka ba. Manomin da ya ce yau kawai ya sani, irin shukarsa zai daka ya yi tuwo. Mangwaron da na dasa jikoki ne za su sha. Kada yara su karanta wannan su kwanta.

Uwar Biyu: Malam, ai ba wanda ya ce a cinye iri. Amma ranar shuka ka taɓa rubuta ta tun rani?

Baban Gona: A'a, wannan sai ruwa ya sauka. Kin kama ni Hajiya.

'Yar Aji Huɗu: Ni likitanci nake karantawa a Khartoum. Ranar 15 ga Afrilun 2023 mun tashi da shirin jarrabawa, kafin hantsi ƙarar bindiga ta cika gari. Jaka ɗaya aka ce kowa ya ɗauka. Muka yi kwanaki a bakin iyakar Masar kafin a kwaso mu daga Aswan zuwa Abuja. A bangon ɗakina na bar jadawalin da na manna, wata-wata har zuwa ranar yaye mu. Shekara guda ina kukan jadawalin nan kamar mutum ne ya mutu. Yanzu na koma aji biyu a gida, ƙannena ne abokan karatuna, da yamma ina taya wata anti a kemis. In aka tambaye ni yaushe zan gama, sai na ce Litinin muna da gwaji.