An sa min manyan birki, yanzu feda ta yi laushi kuma wutar ABS ta ƙi mutuwa

Dan_Gulbi:
Salamu alaikum jama'a. Corolla ce gare ni ƙirar 2006, ina yawan bin hanyar Maradi zuwa Tasawa da kaya a baya shi ya sa na ce bari in ƙara mata ƙarfin birki, aka samo min diski da etiriye (abin da ke matse diskin in an taka birki) manya na gaba daga wata mota da aka farfasa, aka sa pilaket (abin da ke gogar diski) sabbi, kardan ɗin hagu (sandar da ke juya tayar gaba) ma da ya fara ƙas-ƙas aka canza shi a tafiya guda. To tun da na ɗauko ta daga garaji feda sai ta kusa kai ƙasa kafin ta kama, in na taka sau biyu da sauri sai ta ɗan yi tauri. Ga wutar ABS (na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki) a tablo, wato allon gaban direba, da can in na kunna mota daƙiƙa kaɗan take yi ta mutu, yanzu ina fara tafiya sai ta dawo ta zauna. Yaron garajin ya ce sabon abu ne zai zauna da kansa. Haka ne kuwa?

Direban_Tasha:
Wa alaikumus salam. Kai dai cire fizibil (fiyus) ɗin ABS ka huta malam, mu duk motocin layi haka muke yi, a kan yashi da burji ma ABS ɗin nan ƙara maka nisan tsayawa yake yi. Turawa sun yi shi don ƙanƙararsu ne.

Baba_Mai_Sifana:
Ɗana kar ka sake hawa kwalta da motar nan sai an gyara, birki ba ya zama da kansa. Pilaket sabo kan ɗauki ɗan lokaci ya kwanta a jikin diski, wannan gaskiya ne, amma fedar da ke yin tauri in an taka sau biyu galibi iska ce a cikin layin man birki. Kuma matsala biyu gare ka, kar a haɗa maka su a ci kuɗinka.

Ta farko. Ka duƙa ka leƙa bayan taya, kowane etiriye yana da ɗan ƙusa mai rami inda ake cire iska, dole ya kasance a SAMA. Kayan da aka ciro daga wata mota ba kullum suke a rubuce ba, na hagu yana shiga dama lafiya lau, to in an juya su ƙusan sai ya koma ƙasa, iska kuwa sama take taruwa, ko kwana za ku yi kuna taka feda mai ne kawai zai riƙa zuba iskar tana nan. In wannan daidai yake sai a sake cire iska a tsanake, a fara daga tayar da ta fi nisa da masta (famfon da feda ke tura man birki da shi), baya dama, baya hagu, gaba dama, gaba hagu, mutum ɗaya na tsaye yana ƙara mai kar kwalbar ta ƙafe. In sun bari ta ƙafe lokacin aikin to iska na iya shiga famfon ABS ɗin kansa, wannan sai da na'ura a sa famfon ya yi aiki ana cirewa. Mai kuma ka duba murfin kwalbar, DOT 3 ko DOT 4, kar wani ya zuba maka DOT 5 wai ya fi lamba, na silikon ne ba ya haɗuwa da su kuma ba a sa shi a mota mai ABS. Ka sayi gwangwani a rufe, wanda aka buɗe ya daɗe ya riga ya sha ruwa.

Ta biyu ita ce wutar, ni kardan ɗin nan nake zargi. A bakinsa akwai zobe mai haƙora, kaftar, wato sensar ABS, na kallonsa yana ƙirga juyawar taya. Wani kardan ana sayar da shi babu zoben sam, wani haƙoransa ba su kai ko sun wuce na asali, sai kwamfutar ta ga taya ɗaya na gudu daban da sauran ta kashe ABS. Tunda ka ce sai ka fara tafiya wutar ke dawowa, can zan fara dubawa. In tsohon kardan na nan a garaji ku ƙirga haƙoran duka biyun.

Direban tasha kuma, maganar yashi akwai ƙamshin gaskiya, amma mutumin nan kwalta yake bi, damina ta zo ruwa ya kwanta jaki ya faɗo titi taya ta kulle, sitiyari ba ya jin magana kuma.

Injiniya_Zariya2:
Baba ya gama magana, ƙari ɗaya kawai. Ko an cire iska tas feda na iya ɗan yin nisa fiye da da, don babban etiriye yana shan mai da yawa kuma mastan na asali ne. Sannan a sa na'ura a karanta lambar matsalar kafin a sayi komai, a Toyota C0200 gaba dama ne, C0205 gaba hagu, C0210 da C0215 na baya. Wani lokaci wayar kaftar ce kawai aka tsinke ko aka manta ba a mayar ba.

Dan_Gulbi:
Baba Allah ya ƙara girma, wallahi kamar kana wurin, ƙusoshin duka biyu ƙasa suke kallo. An musanya su an cire iska, feda ta dawo sama, ba kamar da ba sosai amma tana kamawa. Na'ura ta nuna C0205, muka ciro tayar hagu, bakin kardan ɗin sumul babu zobe ko ɗaya. Tsohon kuma sun ce an riga an sayar wa masu awon ƙarfe. Yanzu zoben kaɗai ake samu a sa ko sai na sake sayen kardan gaba ɗaya?

Baba_Mai_Sifana:
Ana samun zoben shi kaɗai in kardan ɗin yana da wurin zamansa, ka ƙirga haƙoran na dama ka tafi da lambar. In babu wurin zama ka mayar wa mai shagon ya canza maka.