Halleluya ita ce hailalar Kiristoci?

Ɗan Masalma (Gadarif): Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Tun da yaƙin Sudan ya koro mu daga Omdurman a 2023 muke zaune a Gadarif, katanga ɗaya ta raba mu da wasu Habashawa Kiristoci. Idan suna waƙar ibadarsu ba na gane komai sai kalma ɗaya: halleluya. Jiya muna shan jabana, wato kofi, na tambayi maigidan ma'anarta, ya ce ai ita ce tahlilinsu, wato hailalarsu. Na kwana ina juya maganar. Ni dai na gamsu, halleluya da hailala kalma ɗaya ce, harshe ne ya raba su.

Malam na Maiurno: Wa alaikumus salam. Ɗana, kunne ne ya ruɗe ka. Hailala dunƙulalliyar kalma ce. Larabawa sun ɗauki La'ilaha illallahu suka matse ta, kamar yadda suka yi basmala daga Bismillahi, hamdala daga Alhamdu lillahi. Cikinta akwai korewa da tabbatarwa: babu abin bauta wa da gaskiya, sai Allah. Ita kuwa halleluya Ibrananci ce, kalma biyu ce a haɗe. Hallelu, wato ku yaba. Yah kuma gajeren sunan Ubangiji ne a harshensu. Ka ga umarni ne ake bai wa taro, "ku yabi Ubangiji". Ɗaya shaida ce, ɗaya kira. Da ka ce ta yi kusa da tasbihi ko hamdala, da ban ja da kai ba.

Malamar Larabci (Wad Madani): Allah gafarta Malam, ban ƙi naka ba, amma a bar wa yaron nan rabonsa. Tushen ha-lam-lam a Larabci yana ɗauke da ɗaga murya. Kukan farko na jariri istihlali ne. Alhaji idan ya ɗaga murya da Labbaika an ce ya yi ihlali. Ma'abota lugga ma sun ce jinjirin wata ya samu sunan hilali ne saboda sowar da mutane ke yi in sun gan shi. Larabci da Ibrananci kuwa 'yan ɗaki ɗaya ne. To ko ma'ana ta rabu, jijiyar ba ta yi nisa ba.

Malam na Maiurno: 'Yata, dangantakar jijiya ba ta sa kuka ta zama tsamiya. Ni tsorona kada gobe wani yaro ya ce duk wadda ya faɗa ta wadatar.

Abu Anas (Fort Sudan): Malam ya gama magana. Ni abin da ya fi damuna ma ba wannan ba ne. Da su da masu noba, wato zikiri da ganga, a wajenmu, abu ɗaya ke motsa su: kiɗa. Na sha tsayawa a hubbaren Shehu Hamad al-Nil da ke Omdurman ranar Juma'a kafin yaƙi. Ganga na tashi, hayaƙin turare ya turnuƙe, darwishai masu koren kaya da ja suna juyi har wani ya faɗi. A ɗauke gangar nan a ga ko mutum nawa zai yi hawaye. Hadisi ya ce mafificin zikiri La'ilaha illallahu, bai ce da bandiri ba.

Inna Mai Kisra (Sinnar): Abu Anas ɗan ƙanena, ka yi haƙuri zan faɗa maka abin da idona ya gani. Habobarmu, wato kakarmu, Allah ya jiƙanta, ta rasu Larabcinta bai wuce na cefane ba. Iyayenta suna cikin waɗanda suka biyo Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, gabas bayan yaƙin Burmi da Turawa na 1903. 'Yar Tijjaniyya ce, kowace safiya da yamma tana jan hailala ɗari a laziminta, ba ganga ba bandiri, daga ita sai carbi a kan buzu. Ranar Juma'a bayan la'asar in maza suka kafa zikiri a zawiya, tana tsakar gida tana amsawa. Ina ƙarama ina lura da yadda kalmar ke ƙanƙancewa a bakinta. Ta fara da ita cikakkiya, can sai "illallah", can sai "Allah", daga ƙarshe numfashi kawai kake ji, hawaye na bin zanen fuskarta. Ranar da za ta cika, tana kwance a kan gadon angarib, ba ta gane 'ya'yan cikinta ba, amma ɗan yatsanta na dama yana ɗagawa yana sauka. Wace ganga ce ta ɗaga shi?

Abu Anas (Fort Sudan): Allah ya kai rahama kabarinta, Inna. Amma ai kin ƙarfafa ni ne. Ta samu abin da ta samu ba tare da kiɗa ba.

Inna Mai Kisra (Sinnar): Cewa ka yi in babu ganga babu hawaye. Wannan na amsa maka.

Malamar Larabci (Wad Madani): Akwai abin da ya dace mu sani game da maƙwabtan ɗan'uwanmu. Kalmar nan ba a cika fassara ta a waƙar coci ba. Ta bi ta Girkanci da Latin da Larabci, har Hausa, tana nan yadda take, kamar yadda kowane musulmi ke cewa amin ko da wane harshe ya tashi. A Zabura ta hannunsu, daga ta 146 zuwa ta 150, kowace da ita take buɗewa, da ita take rufewa. 'Yan Katolika kuma suna daina rera ta gaba ɗaya a lokacin azuminsu, sai daren Ista su sake ta. Wata abokiyar aikina 'yar Dutsen Nuba ta ce min a daren nan har tsikar jikinta ke tashi, kamar mai buɗa-baki da ruwan sanyi. Mutanen da suke yi wa kalma azumi ba amon kiɗa kawai suke nema a cikinta ba.

Ɗan Masalma (Gadarif): Malam, na janye cewa ɗaya suke, na gode da gyara. Amma ban janye duka ba. Matar maƙwabcin nan nawa ta rasa ɗanta bara a hanyar Gallabat. Tun lokacin ba ta shiga waƙa in sun taru. Yau da asuba na fito alwala, na ji ta ta bayan katanga ita kaɗai, tana hura gawayi. Sau uku ta faɗi kalmar, a hankali, ba ta ja ta yadda suka saba ja ba. Na tsaya da buta a hannu har ta yi shiru, sannan na tsuguna.