An ɗora min shirya ranar karrama ma'aikata, kuma wai a haɗa da horo

Mai Rajista:

Assalamu alaikum. Ina aiki a wata hukuma da ke tallafa wa makarantu. Mu ke horar da malamai, mu kai littattafai da kayan koyarwa, mu tattara sakamakon ɗalibai mu shigar a kwamfuta. Ni ce ke riƙe da rajistar kaya da jadawalin fita. Bana shugabanmu ya ce ni zan shirya ranar karrama ma'aikata, a kuma cusa horo a ciki don kada a ce an yi asarar yini.

Ta bara ce ke ba ni tsoro. An buga wa kowa takardar yabo iri ɗaya, ba abin da ya bambanta sai suna, sunan ma an yi kuskure a na mutum biyu. Direbanmu, wanda ke loda kwalayen littattafai tun kafin gari ya waye, ba a ko kira shi ba, wai shi ba ɗan ofis ba ne. Yana tsaye a bakin ƙofa da makullin mota a hannu har aka watse. Mai sito kuwa ta karɓi tata, bayan sati guda na ga ta ninke ta huɗu ta tokare ƙafar teburinta da ke rawa. Ban ga laifinta ba.

Don Allah, masu irin wannan aiki, yaya kuke yi?

Tsohon Sufeto:

Wa alaikumussalam, 'yata. Kafin ki buga ko takarda ɗaya, je ki wajen akanta ki tambaya ko akwai wanda ke bin hukumar kuɗin tafiya ko na ƙarin lokaci. Idan akwai, a fara biya. Tun 1959 wani masanin halayyar ɗan Adam na Amurka, Frederick Herzberg, ya raba abubuwan da ke shafar jin daɗin ma'aikaci kashi biyu. Albashi, kayan aiki da yadda shugaba ke tafiyar da mutane, idan suka lalace sai rai ya ɓaci, amma gyara su kaɗai ba ya sa mutum ya ƙaunaci aikinsa. Abin da ke sa shi ƙauna shi ne a ga ƙoƙarinsa, a damƙa masa amana, ya ga yana ci gaba. Ni abin da na gani a shekarun da na yi ina zagaya makarantu, wanda ke binki bashi ba ya jin tafi.

Yabon gwani ya zama dole, amma a faɗi gwanintar. Kada a ce "mai ƙwazo". A ce ranar da mota ta lalace a hanya, shi ya kwana da kayan har aka kai su ba ko littafi ɗaya da ya jiƙe. Kin ga ke rajista ke hannunki, ba wanda ya fi ki sanin wanda ya yi me.

Mai Horar da Malamai:

Baba Sufeto ya yi gaskiya, sai dai ni horon ne ya tsaya min a rai. 'Yar'uwa, ki roƙi shugabanku ya raba su. Wanda ya zo yana jiran a kira sunansa ba zai riƙe komai daga majigi ba.

A wajenmu muna auna horo da matakai huɗu na Donald Kirkpatrick, wani masanin horar da ma'aikata ɗan Amurka: ko ya yi wa mahalarta daɗi, ko sun koyi wani abu, ko sun sauya yadda suke aiki, sannan ko sauyin ya kai ga sakamako. Yawancin hukumomi a na farko suke tsayawa. A raba fom a ƙarshen yini, kowa ya cika "ya yi kyau" yana duban agogo, shi ke nan an rubuta rahoto. Ni na daina wannan. Ina ɗaukar abu ɗaya tak, misali yadda za a cika fom ɗin karɓar kaya ba tare da an bar gurbi ba, mu yi shi da hannu awa biyu, da fom na gaske. Bayan sati uku in koma in ɗauko fom goma daga fayil in duba. A nan ake gane ko horo ya shiga.

Wani abu kuma: ki sa mai siton nan ta koyar da sashe ɗaya. Wallahi ya fi mata takarda.

Ɗan Sashen Kwamfuta:

Aunty, in kina da ikon zaɓar rana, ki duba 16 ga Mayu. Ƙungiyar malamai ta duniya, Education International, ta ware ta tun 2018 don ma'aikatan da ke tallafa wa ilimi ba a gaban allo ba, irin mu ke nan. Ta 5 ga Oktoba ta malamai ce, kullum a bayan layi muke tsayawa a cikinta.

Kuma ki guji "gwarzon shekara". Mun gwada, mutum ɗaya ya ji daɗi, sauran suka yi wata guda ba sa amsa masa gaisuwa da kyau. Ni kaina ba na son a tsayar da ni gaban jama'a. Saƙo mai layi uku da shugabar sashenmu ta turo min, daren da na dawo da bayanan jarrabawa da suka ɓace, har yau bai bar wayata ba.

Mai Rajista:

Na gode ƙwarai. Baba, na je wajen akanta ɗazu, ashe mutum shida ke bin kuɗin tafiya, har da direban. Na rubuta sunayensu, gobe zan shiga wajen shugaba da takardar kafin mu yi maganar rana. Malama, raba horon ne ban san ta inda zan ɓullo masa ba, don shi ya kawo shawarar da bakinsa a gaban kowa. Ke da kika saba, da wace kalma za ki fara?