Dangana ko Himma: Musayar Waƙa Kan Shinkafar da Kogi Ya Cinye

Baba Na-Auyo:
Salamu alaikum. Tun ambaliyar 2022 ban sake zuba shinkafa a fadama ba, yara sun dame ni da magana. Ga amsata gare su, mai baki ya tanka.

Bismillahi da shi nake farawa,
Sarkin da ke bayarwa, ke karɓewa.

Shinkafata ta fid da kai a fadama,
Kwana kaɗan ya rage mu je yankewa.

Kogin Haɗeja ya tumbatsa da dare,
Gari ya waye babu abin dubawa.

Taki na bashi, iri na bashi duka,
Kwalekwale ke bi ta kai yana wucewa.

Ban yi kuka ba, na ce Rabbu na gode,
Abin da ya ba ni aro yake ɗaukewa.

Na dangana, 'ya'yana, ku bar ni in huta,
Gonar tudu ta gero ta ishi rayuwa.

Mai ƙoshi da kaɗan shi ne mai arziki,
Mai son ƙari ba shi da ranar gamsuwa.

Ɗan Ringim:
Wa alaikumus salam, Baba. Da girmanka, amma ba zan yi shiru ba.

Baba gafara dai, ina da magana,
Danganarka tana kama da gazawa.

Mu ma a Ringim ruwan ya ci namu,
Amma ba mu zauna muna kokawa.

Yana janyewa muka tada inji,
Sanyi ya shigo alkama muke shukawa.

Lakar da ya bari ita ce takinmu,
Abin da ya ɗauka rani ke ramawa.

Nana Hajara ba ta zauna jira ba,
Safa da Marwa bakwai tana kaiwa da komowa.

Ɗaure raƙumi sannan ka dogara,
Faɗar Manzo ce, babu mai musantawa.

'Yar Gumel:
Kai, madalla! Ɗan Ringim ka gama magana. Baitin Nana Hajara ya sa tsigar jikina ta tashi. Allah ya ƙara basira.

Sarkin Noman Unguwa:
Wace magana ya gama? Yaron da bai taɓa tsayawa a kan gaɓa yana kallon guminsa na wata huɗu a ƙarƙashin ruwa ba. Ku dai kuna son mai zafin baki ne. Baba, muna bayanka.

Baba Na-Auyo:
Yaro, injin nan wa ya saya maka?
Kuɗin mahaifinka kake ƙonawa.

Tun ran da aka janye tallafin fetur,
Faɗa mana lita nawa yake zuƙewa.

Ka kawo hadisi, ni ma ga nawa:
Tsuntsu ba shi da rumbun tarawa,

Da yunwa yake tashi, ya kwan da ƙoshi,
Mai dogara ga Allah ba ya taɓewa.

Malam Mai Aruli:
A dakata. Kafin a ci gaba da yabon baitin Nana Hajara, a ƙirga shi. Ɗango na farko gaɓa 12 ne, na biyu 15. Wannan ba tafiya ba ce, ɗingishi ne. Sannan ku duka biyun kun fake a amsa-amon "wa", wanda kowane aikatau ka kama sai ka liƙa masa ya zauna. Mai ji da kansa ya hau "ci" mu gani.

Ɗalibar Hausa:
Malam, da izininka. Ai aruli, ilimin awon waƙa, ba yawan gaɓa kaɗai yake dubawa ba, nauyinsu yake aunawa, doguwa da gajera. A bahar Kamil ma, ɗaya daga cikin ma'aunan waƙa, gajeru biyu sukan koma doguwa ɗaya, ƙafar ba ta karye ba. Ɗangogi biyu za su iya bambanta a ƙirga su daidaita a awo.

Malam Mai Aruli:
'Yata, na san da zihafi, wato wannan rangwamen awo, tun ba a haife ki ba. To faɗa mini bahar da ya hau. Kamil ce? Ramal ce? Mutadarak ce? Rangwamen da kike faɗa na wanda ya hau bahar ne, ba na wanda ke tafe a ƙasa ba.

'Yar Gumel:
Malam, tun da aka fara ba mu ga baitinka ko ɗaya ba. Mai gyaran waƙa ya rera tasa mana.

Sarkin Noman Unguwa:
A'a, Malam ya yi gaskiya. Baitin gurgu ne, hujjar ma gurguwa ce.

Ɗalibar Hausa:
Na Baba ma fa akwai dogo a ciki, ku koma ku rera "Gonar tudu ta gero". Ba wanda ya ce uffan saboda na ɓangarenku ne.

Ɗan Ringim:
Malam ka ce in sauya, na sauya,
Ni ba na gudun taka ƙaya,
A gona ake gane namijin duniya,
Ba ƙirga gaɓa a inuwa da lalaci.

Baba ka ce tsuntsu ba shi da rumbu,
Da asuba yake fita, zama babu,
Ba a bin sa sheƙa a ce masa ga dambu,
Fiffike yake kaɗawa ya samo abinci.

Injina bashi ne, kuma na biya,
Da albasa da tumatur, ba da dukiya
Ta gado ba, ka tambaya a ji gaskiya,
Gorin uba ga mai nema zalunci.

Kawu Na-Guri:
Ni masunci ne, a ƙarshen kogin nake, duk abin da kuka zubar a sama wurinmu yake sauka. An gama dam ɗin Tiga a 1974, na Challawa a 1992. Tun daga nan ruwan ya daina bin tsohuwar al'adarsa ta cika da damina ya ƙafe da rani. Ku saurara.

Kun bar jaki kuna ta dukan taiki,
Ciwon kogin nan sunansa kacalla.

Da can ruwa kan zo ya janye da rani,
Ƙasa ta tsage, ciyawa ta sha wahala.

Yanzu ana sako shi rani da damina,
Ta samu gindin zama ta zam matsala.

Ta toshe hanya, ruwa ya hau gonaki,
Jan-baki a cikinta yake walwala.

Shi ma da asuba yake fita, Ɗan Ringim,
Alkamarka zai ci, ka tanadi ƙwalla.

Dangana ba ta sare ta, inji ma haka,
Sai gayya da lauje da taimakon Allah.

Sarkin Noman Unguwa:
Allahu akbar! Kawu ya kashe bakin yaro. Tsuntsun da yake yabo ashe jan-baki ne.

'Yar Gumel:
Ai Baba ne ya fara kawo tsuntsun, ka koma sama ka karanta. Kuma Kawu gayya ya ce, bai ce a kwanta ba.

Malam Mai Aruli:
"Ba da dukiya / Ta gado ba": an yanka magana biyu, rabi a ɗango, rabi a ɗango, don kawai a sami "ya". Sabi-zarce na dole ke nan. Amma baitin dambu ya zauna, ba zan hana shi haƙƙinsa ba.

Uwar Marayu:
Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Ban san bahar ba, Malam ya yi haƙuri da ni.

Yaya Na-Auyo, ka ce a bar ka ka huta,
Wa zai faɗi haka nan gare mu mata?

Ran da rumbu ya zam fanko, tukunya
Ba ta san dangana ba, tana son wuta.

Shanshera nake saye, in jiƙa, in turara,
In shanya, in kai inji, in auna ribata.

Mijina ya rasu, wannan na dangana,
Kuka ba ya tada wanda ya kwanta.

Amma kuɗin makarantar yaran nan,
Ba na dangana da shi, sai na fafata.

Haƙurin zuci daban, mutuwar zuci daban,
Wanda ya gama su kansa ya cuta.

Ɗalibar Hausa:
Inna, Allah ya jiƙansa, ya raya abin da ya bari. Wallahi hawaye nake.

Ɗan Ringim:
Amin. Baba, ana jiranka. Ko an dangana da amsar ma?

Sarkin Noman Unguwa:
Ka iya bakinka, yaro. Dattijo ba ya kwana da waya a hannu kamar ku.

Baba Na-Auyo:
Ku gafarce ni, na je ta'aziyya Kafin Hausa, jiya da dare na dawo. Malam, a "wa" ɗina zan zauna, da ita na saba.

Ƙanwata, Allah ya jiƙan mai gidanki,
Maganarki ta shige ni, ba musantawa.

Amma ku ji, bashin takin waccan shekara
Shanun huɗata na sayar wajen biyawa.

Na ga wanda ya ninka bashi don ya rama,
Gona da gida duk ya kai ga sayarwa.

Mai saba'in ba ya caca da kogi,
Mai talatin ke da ƙashin faɗuwa.

Fadama ga ta nan, yara su je su gwada,
Ni dai hannuna ba ya sake rantowa.

Kira shi kasala, Ɗan Ringim, na ji ka,
Ni ina barci, kai kana ƙirgawa.

Kawu Na-Guri:
Baitin shanun huɗa ya taɓa ni. Wanda bai taɓa jan sansa zuwa kara da hannunsa ba, ba zai gane ba.

Ɗan Ringim:
Barcin naka, Baba, wa ke gadinsa?
Yaran da za ka tura su ɗauki nauyinsa,
Kai ka ci tuwon, su su sha zafinsa,
In sun girbe kar ka ce musu butulci.

Turo mini su Gujungu mu gana,
In ba su aron inji na 'yan kwana,
Irin alkama ma akwai shi a wurina,
Ba bashi ba ne, Baba, zumunci.

'Yar Gumel:
To Sarkin Noma, sai ka ce me? Wanda kuke zagi shi ne ya fara miƙa hannu.

Sarkin Noman Unguwa:
Inji ba ya tashi da zumunci. Ya faɗi wanda zai zuba man, sannan mu yaba.

Malam Mai Aruli:
"Butulci" ba ta da wurin zama a baitin nan, an jawo ta ne don amsa-amo. Ɗalibar Hausa, har yanzu ina jiran sunan bahar.