Walet ta ƙi sakar min ladan ADA sai na zaɓi wakili, wa zan ba?

Baban Ilham:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tun 2021 na ajiye ɗan ADA, kuɗin kirifto na Cardano, a stakin (ajiyar da ake samun lada a kanta), ban taɓa cire ladan ba. Jiya na zo cirewa saboda kuɗin makarantar yara, sai walet ta ce ba zai fita ba sai na miƙa ƙuri'ata ga DRep. Ni ban san ko mutum ɗaya a cikinsu ba. Da na yi cigiya a wani zaure, wani ya biyo ni ta Telegram ya turo lambarsa ta DRep, wai in ba shi ƙuri'ata, duk wata zai riƙa "ganina". Idan na ba mutum, zai iya taɓa kuɗina? Kuma wa ya dace in ba?

Abu Hanif:
Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka Malam, walet ɗinka lafiyarta lau. Dokar ta fara aiki ne da sauyin Plomin, sabuntawar da aka yi wa tsarin Cardano a Janairun 2025: lada yana ci gaba da taruwa, amma ba ya ciruwa sai ka nuna inda ƙuri'arka take. DRep wakili ne kawai mai jefa ƙuri'a a kan ƙudurori, kamar fitar da kuɗi daga baitulmalin Cardano ko sauya ƙa'idoji. Nauyin ƙuri'a kake ba shi gwargwadon ADA ɗinka, kuɗin kuwa suna hannunka. Ran da ka ga dama ka sauya shi, ɗan cajin tura saƙo kawai za ka biya. Wanda duk ya ce turo kalmomin sirrin walet don a "haɗa" ka da wakili, ɓarawo ne.

Na Sabon Gari:
Wato daliget ke nan, irin na zaɓen fidda gwani. Har da alkawarin "gani". Allah ya kyauta! Ni dai Abstain na danna, na cire kuɗina na kama gabana.

Maman Sadiq:
Yaya Na Sabon Gari, hakan ya halatta, amma a gaya wa Baban Ilham abin da yake nufi. Zaɓi biyu ne ga wanda ba ya son wakili. Mai ƙauracewa, wato Abstain, ba a lissafa ADA ɗinsa cikin masu ƙuri'a kwata-kwata. Mai zaɓin rashin amincewa kuwa, ana ƙirga shi "a'a" a kan kowane ƙuduri, sai ƙudurin tsige kwamitin tsarin mulki, nan ne yake zama "e". Da yawa suna danna na biyun ba su san haka ba.

Abin da ya sa ni ban ƙaurace ba: duk ƙaramin da ya janye, nauyin manya ne ke ƙaruwa. A Yulin 2024 a Compound, wani dandalin ba da rancen kirifto na daban, wani gungu ya tara ƙuri'u ya wuce da ƙuduri na 289, na tura COMP (kuɗin dandalin) 499,000 daga baitulmali zuwa wani asusu da suke juyawa. Da ƙyar ya wuce, kuma masu riƙe da kuɗin da yawa ba su jefa ƙuri'a ba. Sai da aka yi sulhu daga baya aka janye shi.

Kafin ka zaɓa, Baban Ilham, shiga GovTool, shafin harkokin ƙuri'ar Cardano, ka duba tarihin mutum. Yana jefa ƙuri'a kuwa? Yana rubuta dalilinsa? Ni wannan na fi dubawa, domin wanda ke faɗin hujjarsa, ko kun saɓa ka san da wa kake. Wakilin da ya yi zango 20 shiru (kowane zangon Cardano kwana biyar ne), wajen kwana 100 ke nan, ana mayar da shi marar aiki, ƙuri'arka ta tashi a banza. Mai maka alkawarin kuɗi kuma, tambayi kanka daga ina zai samo su in ba daga ƙudurorin da zai goya wa baya ba.

Baban Ilham:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na toshe mutumin. To ni ba zan iya jefa ƙuri'ar da kaina ba?

Abu Hanif:
Za ka iya, sai dai ka yi rajistar DRep da ajiyar ADA 500, ana mayar maka ran da ka sauka. Tunda kuɗin makaranta ke gabanka, danna Abstain yau ka cire ladanka, in ka natsu ka karanta tarihin mutum uku ko huɗu sai ka sauya.